A'ar da Yaya Muni Ba Ta Ce Ba

Jama'ar da ke bibiyata, yau ba da dariya na zo muku ba. Sau huɗu ina rubuta wannan ina gogewa. Baiwar Allahn da ta turo min saƙo tana cewa, "Fulera, ke kam 'yar Aljanna ce, irin yadda kike kula da yayarki," don Allah ki daure ki karanta har ƙarshe tukuna.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Fulera Inusah, shekarata ashirin da shida. A unguwar Nima ta Accra aka haife ni, a wani gida mai ɗaki tara da famfo ɗaya, ɗakuna biyu da falo namu ne. Ina tsaron shagon mayafai da abaya a kasuwar Makola. Babanmu ya rasu shekara uku da suka wuce, saura ni da Mma da yayata Muniratu, wadda ta girme ni da shekara huɗu.

Yaya Muni ta sha wuya lokacin da aka haife ta. Hankalinta ras yake, karatu ma ta fi ni nesa ba kusa ba, don Baba da kansa ya koya mata a gida, jaridar da ya gama karantawa ita ke ɗauka. Jikinta ne ba ya bin abin da take so. Da sanduna biyu na ƙarfe take tafiya, hannuwanta na rawa, magana kuma da ƙyar take fito mata, kalma ɗaya sai ta ci numfashi uku. Tun ina 'yar shekara biyar na fi kowa gane abin da take faɗa. Shi ya sa duk wanda ya shigo gidanmu ni yake kallo. "Fulera, ta ci abinci?" "Fulera, me ke damunta?" Tana zaune a wurin fa, idonta biyu. Ni kuma sai in amsa, a yi ta sa min albarka.

To, a ranar Asabar ɗin da ta wuce Tawfiq ya fara shigowa cikin gidanmu. Malamin lissafi ne a wata makaranta a Kotobabi, wata biyar ke nan muna tare, iyakarsa bakin lungu. Mma ta ce in da gaske yake ya shigo a gan shi, don ya riga ya ce manyansa za su kawo goro.

Tun azahar Gwaggo Shetu, ƙanwar Baba, ta diro daga Maamobi da jakarta da turarenta. Ko zama ba ta yi ba ta fara.

"A kai Muniratu ɗakin maƙwabta har ya tafi."

Mma ta ce, "Haba Shetu, ai ya san da ita."

"Sani daban, gani daban. Na farko ma ya san da ita, na biyu ma ya san da ita. Da uwayensu suka ce abin a jini yake, wa ya dawo? Samari biyu sun gudu sun bar Fulera, ba za a yi na uku ina raye ba."

A gaban Yaya Muni ake wannan magana. Tana kan kujerarta kusa da taga, ta sunkuyar da kai tana kallon wayarta. Ni kuwa ina gaban madubi ina gyara ɗaurin ɗankwali. Abaya ruwan toka na sa mai duwatsu a hannu, da mayafi ruwan hoda, na zizara kwalli. Ban ce uffan ba. Ku rubuta wannan ma a cikin laifina.

A ƙarshe aka shirya a kan ta zauna a falo, amma Gwaggo ta lulluɓe ta da babban mayafi har hannuwanta, ta kwashe sandunan ta cusa bayan firij.

"Haka ya fi kyan gani," in ji ta.

Bayan la'asar ya yi sallama. Kaftani fari ƙal, hula baƙa, agogonsa na azurfa, ga ƙamshin turaren nan nasa da ke shiga ɗaki kafin shi. Ya durƙusa ya gaida Mma, ya gaida Gwaggo. Na nuna masa kujerar da muka shimfiɗa wa sabon leshi. Sai na ga ya wuce ta, ya jawo 'yar kujerar katakon da Mma ke zama a kai in tana tsince wake, ya ajiye gaban Yaya Muni ya zauna, fuskarsa daidai tata.

"Salamu alaikum, Yaya Muniratu. Ni ne Tawfiq. Ina wuni?"

Kafin ya rufe baki na ce, "Ta ce lafiya lau."

Bai juyo ba. Cikin sanyin murya ya ce, "Bari in ji daga bakinta. Ba sauri nake ba."

Fanka na juyawa, rediyon maƙwabta na wa'azi, wata a tsakar gida tana yi wa ɗanta faɗa da Turanci da Twi a haɗe. Wuyan Yaya Muni ya karkace, leɓɓanta suka fara kokawa. Gwaggo ta yi gyaran murya. Ni kuma ji nake kamar in nutse. Shi ko ko a jikinsa, ya ɗora hannu a gwiwa yana jira kamar mai jiran shayi ya huce.

"La… fi… ya," ta ce. Ta ja numfashi ta ƙara wata kalma.

Ya ce, "Na farkon na ji. Na biyun ban ji ba, don Allah maimaita min."

A gidanmu ba a cewa haka. In ba ka ji ba sai ka gyaɗa kai ka ce "to, to," ka kalle ni. Na ɗauka za ta ji haushi. Sai na ga idonta ya yi wani haske.

"Ma… ka… ranta?"

"Ah, makaranta! Yaya, kar ki tona. Yara arba'in da bakwai, uku ne suka yarda bakwai sau takwas hamsin da shida ne."

Ta yi dariya. Dariyarta mai ƙarfi ce, tana zuwa da shessheƙa, har mayafin Gwaggo ya zame, hannuwanta suka fito fili suna rawa. Bai kalli hannun ba, bai kuma kau da kai kamar wanda ya ga abin kunya ba. Ya ci gaba da hirarsa.

Na kawo burkina, furar nan tamu ta gero da madara, a kofuna huɗu. Uku da ƙanƙara, ɗaya babu. Na miƙa wa Yaya Muni marar ƙanƙaran da tsinken zuƙa, na ce masa, "Ita ba ta shan abu mai sanyi."

Ya tambaye ta, "Haka ne?"

Ta kalle ni. Ta kalle shi. "Ina… so. Mai… san… yi."

Mma ta yi 'yar dariyar borin kunya. "Ei, Muniratu, yau kuma? Ai tun tana ƙarama Fulera ta ce yana sa ta tari."

Ni na faɗa, gaskiya ne. Ina 'yar shekara takwas ta sha ruwan sanyi ta ƙware sau ɗaya, na ce ba ta so, shi ke nan ya zama doka. Shekara goma sha takwas a zafin Accra. Tawfiq ya miƙa mata nasa kofin, bai sha ba tukuna, ya karɓi nata. Ta shanye tas har tsinken na ƙara.

Da magariba ta gabato sai ta fara waige-waige. Na san alwala take so, na kuma san abin da take nema, amma idon Gwaggo na kaina. Shi ya lura.

"Yaya, sandunanki kike nema? Na hango bakinsu a bayan firij. In ɗauko?"

Ya tsaya har ta ce i kafin ya taɓa su. Ya kawo ya jingina inda hannunta zai kai.

"In kama miki, ko kin fi so ki tashi da kanki?"

"Da… kai… na."

Ya matsa gefe. Ta tashi da kanta, ta fita da kanta, ƙwas, ƙwas, har bakin famfo. Gwaggo ta buɗe jaka tana neman abin da ba ta ajiye ba.

Da na raka shi lungu na kasa haƙuri.

"Ka ba ni kunya a gaban su Mma."

"Yi haƙuri, ba nufina ke nan ba." Sai ya ƙara da cewa, "Kin san Babana ba ya gani, ko? Shekara tara ke nan. In muka je asibiti ni ake tambaya ina ke masa ciwo. In baƙo ya zo sai ya tashi ya fita bai ce ya fita ba, a bar tsoho yana zuba zance da kujera. Wani ya fizgi hannunsa a bakin titi wai taimako. Ranar nan ya ce min, Tawfiq, idona ne ya tafi, amma mutane sun yi min jana'iza gaba ɗaya. Tun ranar ban sake amsa tambayar da aka yi masa ba."

Na ce, "Ni taimakonta nake yi."

"Na sani," in ji shi. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Ranar Litinin ina shago, wajen sha biyu saura, ina naɗe mayafan da wata Hajiya ta warware ta tafi ba ta saya ba, wayata ta yi ƙara. Yaya Muni. Na yi mamaki, don ɗaki ɗaya muke kwana, me za ta rubuto min? Da gaɓar ƙaramin yatsa take danna waya, layi ɗaya na cin mata minti biyar. Amma saƙon nan sai da na ja shi ƙasa.

"Fulera, tun tafiyarki nake rubuta wannan. Kar ki kira ni, karanta kawai. Tawfiq mutumin kirki ne, ki riƙe shi. Shi ne mutum na biyu da ya taɓa jira na gama magana. Na farkon kin san shi. Ranar da Baba ya tambaye ni maganar Muftahu, I nake cewa. Ke ma kin san I nake cewa. Na gwada gaya wa Mma sau uku bayan rasuwar. Duk ukun ke ta kira ki zo ki faɗa mata abin da nake nufi. Sai na bari. Ban rubuto don in ɓata miki aure ba. Na gaji da riƙe shi ni kaɗai ne."

Na zauna a kan dilar kaya. Hayaniyar Makola duk ta koma can nesa.

Bari in ba ku labarin Muftahu.

Mai walda ne, a lokacin rumfarsa na Maamobi. Sandar Yaya Muni ce ta karye a wuya, Baba ya kira shi. Ya gyara, sai ya tsaya yana kallon yadda take dafa bango in za ta banɗaki, bangon kuma duk gansakuka. Bayan kwana uku sai ga shi da dogon ƙarfe a kafaɗa. Kafin ya kafa sai da ya ce ta tsaya ta nuna masa tsayin da ya yi mata daidai. Ya kafa shi daga ƙofar ɗakinmu har banɗaki, ya shafa masa koren fenti. Har yau yana nan.

Daga nan ya riƙa zuwa duk Juma'a bayan masallaci, wai duba ƙarfe. Baƙi ne siriri, hannunsa duk tabon wuta, ba ya da yawan magana. Sai ya kife bokiti ya zauna gabanta, ta karanta masa labarin ƙwallo a jarida. Shafi ɗaya sai su yi awa. In na zo zan taimaka sai ya ce, "Ƙanwata, bar mu, muna fahimtar juna." Matan gidanmu suna ta ƙus-ƙus a bakin famfo. Wata ta ce lada yake nema. Wata ta ce asiri aka ba shi ya auri mai lalura. Na ji duka, na adana.

Wata takwas ana haka, ciwon Baba ya tashi. Wata Alhamis da la'asar Muftahu ya zo da kawunsa, suka gaida Baba, suka faɗi abin da ya kawo su, suka koma baranda suna jira. Baba na kwance a katifa, ƙafafunsa sun kumbura, ɗakin na warin man zafi. Ya ce a shigo da Muniratu. Mma na murhu a waje. Mu uku ne kawai.

Ya ce, "Muniratu, uwata. Yaron nan ya zo neman aurenki. Ni ba zan ba da ke ba sai da yardarki. Kina son shi?"

Akwai abin da ni kaɗai na sani a duniya. In abu ya yi wa Yaya Muni daɗi ƙwarai, jikinta sai ya ƙwace mata. Hannunta na hagu ya dunƙule, kanta ya riƙa fizga gefe da gefe. Wanda bai sani ba cewa zai yi girgiza kai take. Haka ta yi ranar da Baba ya kai ta ta ga teku. Haka ta yi ranar nan. Bakinta ya buɗe, hawaye na zuba, sautin ya maƙale a wuya.

Baba ya kalle ni da jajayen idanunsa. "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce a'a, Baba. Ba ta so."

Shekara uku ina gaya wa kaina cewa kare ta na yi. Cewa zai wulaƙanta ta, danginsa za su yi mata gori, za a dawo mana da ita da karyayyar zuciya. Amma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗa duka. Ni ce mai ƙafa, ni ce mai baki, ni ake cewa kyakkyawa. Kuma babu namijin da ya taɓa kallona yadda Muftahu ke kallonta in tana kokawa da kalma. Na ji zafin wannan. Na kuma ji tsoro, don in ta tafi gidan wani ya zama shi ke jinta, ni kuma wace ce? A cikin daƙiƙa biyu duk wannan ya bi ta kaina, bakina ya riga ni.

Yaya Muni ta yi wata ƙara, ta buga sanda a ƙasa. Baba ya ce, "Ya isa, ya isa, uwata, ba mai tilasta miki. Fulera, kai ta ta huta." Na kama ta na fitar da ita ta ƙofar baya tana turjewa. Ina jin Baba ya kira su yana cewa, "Na tambaye ta, ta ce a'a. Ku yi haƙuri."

Washegari aka kwashi Baba zuwa asibiti. Ranar Lahadi ya cika. Muftahu ya zo jana'iza, ya zo addu'ar uku, bai shigo ciki ba. Kafin arba'in ya tashi daga Maamobi. A lokacin ko waya Yaya Muni ba ta da ita. Ta yi wata huɗu ba ta magana da kowa, muka ce mutuwar Baba ce ta doke ta. Ni nake ba ta abinci a baki a watannin nan. Tana karɓa tana kallona.

Baba ya shiga kabari da amsar da na ba shi. Wannan ne abin da ke bina. Duk sanda na wuce ƙofar ɗakinsa sai in ji kamar zai ce, "Me ta ce?"

Ranar Litinin ɗin ban iya kaiwa yamma a shago ba. Na ce wa uwar ɗakina kaina ke ciwo, na hau motar haya na koma gida. Na tarar Mma ta tafi barka. Yaya Muni na baranda ita kaɗai, sanye da doguwar rigar atamfa mai ganye-ganye, tana shan iska. Na durƙusa a gabanta, ko jaka ban ajiye ba.

"Yaya Muni, na karanta."

Ta kalle ni.

"Na san I kike cewa. Na sani tun a lokacin. Ki yafe min don Allah, ki yafe min, na san kin—"

Ta ɗaga hannu. Sai na gane har a neman gafarar ma na fara ƙarasa mata. Na kama bakina. Ban san minti nawa muka yi ba. Kaza ta zo ta wuce tsakaninmu. Gwiwoyina suka fara zafi a kan siminti.

"Ba… yau… ba," ta ce.

Na gyaɗa kai ina kuka. Ba ta share min hawaye ba, ni ma ban sa ran haka ba.

Da yamma na rubuta wa Tawfiq komai. Na ce gara ya ji daga gare ni kafin manyansa su ɗauko goro ranar Lahadi. Na ga alamar ya buɗe. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Can sai ga kalma biyu: "Na karanta."

Talata ta wuce ba kira, ba saƙo. Mutumin da kullum sai ya tambaye ni ko na karya. Mma kuwa sai lissafin tukwanen da za a ara take, Gwaggo ta bugo tana tambayar wane leshi zan sa. Na ce kowanne.

Laraba na yanke shawara. Na ce tunda ni na ɓata, ni zan gyara. Na je Maamobi inda rumfarsa take a da, aka ce ya koma unguwar Malam. Na shiga mota har Malam, na bi masu walda ɗaya bayan ɗaya a bakin titin Winneba, rana na dukana, abayata duk ta kwashi baƙin mai. A rumfa ta shida wani dattijo mai sayar da ƙarafa ya ce, "Muftahu mai shiru-shiru? Ya yi shekara biyu a nan, ya ƙara gaba Kasoa." Ya laluba wayarsa ya karanto min lamba, na rubuta a bayan wata takarda. Na so in tambaye shi ko yana da iyali. Tsoro ya hana ni.

A tasha na tsaya, na shigar da lambar a wayata. Har na tsara abin da zan ce: Muftahu, Fulera ce, Yaya Muni na son ka, tun can tana son ka, ka dawo. Yatsana na kan kira sai ga saƙon Tawfiq.

"Kina ina?"

Na rubuta masa inda nake da abin da zan yi. Na ɗauka zai ce madalla.

"Ita ta ce ki kira shi?"

Na tsaya ina kallon layin nan. Masu mota na ta ihun "Circle, Circle," wata mai kaya a ka ta bangaje ni ta zage ni da yaren Ga, ban ko motsa ba.

Na rubuta, "A'a."

"To ki je ki tambaye ta. In ta ce a yaga takardar, ki yaga."

"Maganar Lahadi fa?"

Sai ya rubuto, "Ba zan yi miki ƙarya ba, Fulera, abin ya tsaya min a rai. Ki fara gamawa da nata. Namu za mu zauna."

Na goge lambar daga wayata, na bar ta takardar.

La'asar sakaliya na isa gida. Ranar kasuwar Nima ce, Mma ba ta dawo ba. Yaya Muni na ɗaki tana sauraron rediyo. Na yi sallama, na tsaya har ta amsa. Na jawo kujerar katako na zauna gabanta, na buɗe tafin hannuna.

"Lambar Muftahu ce. Na je nema ban tambaye ki ba, wannan ma laifi ne. Ban kira ba. Ban san halin da yake ciki ba, ko yana da mata, ko ba shi da ita. Me kike so a yi da ita?"

Ta ƙura wa takardar ido. Hannunta na hagu ya dunƙule, kanta ya fara fizga. Na san ma'anarsa, amma na cije leɓe na yi shiru, don ba ni aka tambaya ba.

"Ba… ni."

Na ɗora mata a cinya.

"In danna miki lambobin?"

"A'a." Wannan ta fito sarai, ba gargada. Ta ja numfashi. "Fi… ta."

Na fita na ja ƙofar. Na so in yi nisa, wallahi na so, amma ƙafata ta ƙi wuce baranda. Ɗakinmu silin ɗinsa na kwali ne, ita kuma a bayyane take sa murya in za ta yi waya, don hannunta ba ya iya riƙe ta a kunne. Ina jin ƙarar dannawa. Ɗaya. Shiru. Ɗaya. Ta yi kuskure ta goge ta sake. Lamba goma sai da ta ci mata kusan kwatan awa.

Sai ta fara ringi. Sau ɗaya, sau biyu, sau biyar.

"Salamu alaikum?"

Muryarsa ce. Ta ƙara kauri, amma ita ce. A bayanta ana jin ƙarar injin yankan ƙarfe.

Daga ɗaki babu abin da ke fitowa sai numfashi da ɗan gurnanin nan da take yi in kalma ta maƙale. Na rufe ido ina jiran ya ce "wrong number" ya kashe, kamar yadda kowa ke yi.

Sai na ji an kashe injin.

"Muniratu?" ya ce a hankali. "Ke ce? Ina jin ki. Kar ki yi sauri."

"Muf… ta… hu. Ran… nan… ba… ni… na…"

Ba ta kai ƙarshe ba. Daga can ɓangarensa jariri ya tsala kuka, kusa sosai da wayar, sai muryar wata mace ta ce, "Karɓe shi mana in sauke tukunya. Da wa kake magana?"